Ƙanina ya turo min buhun "moreover"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, Manchester ce, tun safe ake yayyafi, ga shi ƙarfe huɗu ba ta yi ba gari ya fara duhu. Yau raina a ɓace yake, kuma autanmu ne sila.

Yaron nan yana shirin zana IELTS, wato jarrabawar gwajin iya Turanci, yana so ya biyo ni nan ya yi digiri na biyu. Jiya da daddare ya turo min rubutunsa ta WhatsApp, wai Yaya duba min. Kalma 250 ake nema, amma wallahi kusan kowace jimla da "moreover" ko "furthermore" ko "nevertheless" ta fara. Na kira shi na ce kai Auta, wa ya koya maka wannan? Wai a wurin lesin aka raba musu takarda, an jera kalmomin haɗi rututu, aka ce su haddace, duk wanda ya zuba da yawa makinsa zai tashi. Kuma ni nake biyan kuɗin lesin ɗin nan fa! Daga ɗan abin da nake samu a aikin sito, cikin awa 20 a mako da doka ta yarje wa ɗalibi.

Ku ji sakin layi ɗaya kawai. Ya ce cunkoson ababen hawa ya yi yawa a Kano. Sai "moreover", matasa ba su da aikin yi. Sai "nevertheless", ya kamata gwamnati ta gina tituna. To don Allah "nevertheless" ɗin me? Ana kawo ta ne idan abin da zai biyo baya ya ci karo da abin da aka riga aka faɗa. Ina karon tsakanin rashin aiki da gina titi?

Abin haushin ma, akwai alaƙa ta gaske tsakanin maganganunsa biyu na farko, shi ne bai tsaya ya nemo ta ba. Tun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita sahu ta cika gari. Saurayin da ya rasa aiki ita yake karɓa, yana kai wa mai ita balas kullum. Rashin aikin ne ke ƙara yawan adaidaita, yawansu kuma shi ke toshe Bata da bakin Kantin Kwari. Da haka ya rubuta, "because" ɗaya da "so" ɗaya sun ishe shi. Sai ya bar tunanin ya kama ado. Kamar mai girki ce da ba ta sa nama ba, ta yi ta jefa dunƙulen magi tana jiran miya ta yi daɗi.

Su kansu masu duba IELTS, abu huɗu suke aunawa a rubutu, kowanne da rubu'in maki: amsa tambaya, haɗuwar zance, yalwar kalmomi, da nahawu. A ɓangaren haɗuwar zance kuwa, cusa kalmomin nan barkatai rage maki yake yi. An rubuta shi ɓaro-ɓaro a ma'auninsu, yana intanet kyauta, amma masu lesin ba sa buɗewa.

Ni abin da ya taimake ni wata malamarmu ce a nan, dattijuwa, ba ta da yawan magana. Ta ce in ka gama rubutu, ka sa yatsa ka rufe kalmar farko ta kowane sakin layi, sannan ka karanta jimlar ƙarshe ta na sama da jimlar farko ta na ƙasa. In sun kama hannun juna, shi ke nan. In kuwa ka ji an yi tsalle, ba kalma za ka nemo ba, jimla ce ta ɓace a tsakani, ko kuma sakin layin ba wurinsa ba ne. Sau da yawa ma maimaita abin da kake magana a kai, ka ce wannan cunkoson, wannan dokar, ya fi kowace babbar kalma ɗaure zance. Da wannan dabarar na ci 72 a aikin zangon da ya wuce, alhamdulillahi. A nan 50 ce tsallakewa a digiri na biyu, 70 kuwa ka kai ƙololuwa. Na kira Hajiya ina murna, sai ta ce min to sauran 28 ɗin fa, wa ka bar wa?

Kuma abin mamaki, Auta ya iya wannan abu da Hausa. Ku zaunar da shi a majalisa bayan la'asar ana gardamar ƙwallo, za ku ji "sai dai kuma", "shi ya sa", "ban da haka", kowacce a gurbinta, ba ya taɓa cewa "amma" sai yana da abin da zai musa. Mu mutane ne masu iya jera zance. Turanci ne kawai in ya shigo sai tsoro ya kama mu, mu koma ga abin da aka cusa mana tun WAEC. Kai, na tuna majalisar ƙofar gidanmu. Yanzu haka Malam mai shayi ya hura wuta. Ni kuwa ga wannan kofin a hannuna, fam uku da rabi, ruwan zafi ne kawai da ƙamshi.

To masu shirin tahowa, ku ji ni da kyau. Kada ka ce "firstly" alhali ba ka da na biyu. Kada ka sa "on the contrary" a wurin "on the other hand": ta farkon ƙaryata magana take yi, ta biyun kuwa wani ɓangaren take nunawa. Shi kuma "in a nutshell" ɗin nan da muke ji da shi, ka bar shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, ni ban taɓa ganin malamin da ya so shi a rubutun jami'a ba. In kana neman misalai, Jami'ar Manchester tana da wani shafi, Academic Phrasebank, kyauta ne, an kasa jimlolin gwargwadon aikin da kowacce take yi. Ka duba yadda ake amfani da su, ba haddacewa za ka yi ba.

Sannan ku kiyayi masu shigo muku ta waya suna cewa za su gyara muku rubutu, daga gyara sai su rubuta maka gaba ɗaya. Tun 2022 wannan sana'ar laifi ce a Ingila, kai kuma in makaranta ta kama ka, kuɗin makaranta da bizarka ne a kan siraɗi.

Na dai ba Auta zuwa Juma'a ya sake rubutawa, kalmar haɗi uku kacal na yarje masa. Ga motata nan ta iso, unguwar Cheetham Hill zan leƙa in sayo naman akuya kafin su rufe. Sai mun haɗu.