Sarki da Fadawansa a Cikin Kwalba

Wannan lacca ce da wani ɗan'uwanmu mai bincike a kimiyyar sinadarai ya gabatar a zaman ɗalibai Hausawa na Jidda, tsakanin Magariba da Isha'i. Daga faifan murya na rubuto ta, na rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke sahun gaba, malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da fitowa.

Duk wanda ya tambayi mahaifiyata aikina, cewa take yi, "Ƙarfe yake narkarwa a kwalba." Ban taɓa gyara mata ba, don ba ta yi nisa da gaskiya ba. Aikina a kan maganaɗisu ne, amma mu fara daga kwalbar. Ga ma kwalbar na zo da ita. Na baya ku ɗan miƙe ku gani. Wannan ruwan mai launin hoda gishirin wani ƙarfe ne, kobal, na jiƙa. Yanzu zan ɗiga masa asid mai kulorin. Alhaji, a ɗan ja baya kaɗan, ba ya wasa da tufafi. To, kun gani? Ya koma shuɗi.

Ƙarfen nan bai tafi ko'ina ba, kobal ɗin ɗazu ne. Abin da ya sauya shi ne waɗanda ke kewaye da shi. Ɗazu ƙwayoyin ruwa shida ne suka sa shi tsakiya, yanzu kulorin huɗu sun ture su sun zauna. Mu a wurin aiki ligan muke kiran masu kewayen nan, amma yau ku bar ni in ce musu fadawa, ƙarfen kuma sarki. Wanda ya taɓa ganin shuɗayen ƙwayoyin nan masu shan laima da ake sa wa na'urori, ya san idan suka kwana biyu a iskar Jidda sai su koma hoda. Wannan aikin ne dai, ruwa ya dawo fada.

Wanda ya fara gano wannan tsari shi ne Alfred Werner, a birnin Zurik na Suwizalan, a 1893, yana ɗan shekara 26. Kafin shi masana sun rasa gane dalilin da kobal da amoniya ke ba da gishiri rawaya, da shunayya, da kore, alhali kayan haɗin kusan iri ɗaya ne. Ya ce ƙarfen a tsakiya yake, fadawa shida na kewaye da shi, kuma wa ke zaune a ina shi ne zancen. A 1913 aka ba shi kyautar Nobel.

To ina maganaɗisu ya shigo? Kowane ilektiron da ke jikin ƙwayar zarra ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Idan biyu suka haɗu, ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Gwauro ne kawai ke da tasiri, wanda bai sami abokin zama ba. (Dariya.) Samarin baya na ga kun ji daɗi. Kuma fadawan nan su ke yanke hukuncin ko ilektiron ɗin sarki za su yi aure ko za su zauna gwagware.

Misalin yana cikin jijiyarku. Jinin mutum akwai baƙin ƙarfe a cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell a Amurka suka auna, suka tarar jinin da ya sauke iskar oksijin maganaɗisu na jan sa kaɗan, don kowane ƙarfe na da gwagware huɗu, amma wanda ya ɗauko oksijin daga huhu ba ya jan sa sam. Bafade ɗaya ya shigo, halin sarki ya juya. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Shekara hamsin da 'yan kai bayan haka, a 1990, Seiji Ogawa ya nuna za a iya amfani da wannan bambanci a na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, a ga sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki. Haka allurar da ake yi wa wasu kafin hoton MRI, ƙarfen gadoliniyam ne mai gwagware bakwai. Shi kaɗai guba ne, sai an naɗe shi da bafade mai riƙo sosai kafin a sa wa mutum.

Yanzu ga inda ni nake zaune. Maganaɗisun da kuka sani, na lasifika ko na ƙofar firji, taron dangi ne: ƙwayoyin zarra masu ɗimbin yawa sun haɗa baki sun kalli gefe guda. Tambayar ita ce, molekul guda ɗaya tak, wato ɗan dunƙulen ƙwayoyin zarra kamar sarki da fadawansa, zai iya riƙe alƙiblarsa shi kaɗai bayan an ɗauke maganaɗisun da ya juya shi? Idan zai iya, ya zama wurin ajiye bayani, sama ko ƙasa, ɗaya ko sifiri, kamar yadda faifan kwamfuta ke yi, amma a wurin da ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

A 1980 wani masani a Folan, Tadeusz Lis, ya haɗa wani molekul mai ƙwayar manganis 12, da asetet a kewaye, wato ɗan'uwan ruwan kal da ake sa wa salak. Ya bayyana siffarsa, aka ajiye. Ku riƙe lissafin nan, ba shi da wuya. Manganis takwas na waje sun kalli sama, jimillar ƙarfin maganaɗisunsu 16. Huɗu na ciki sun kalli ƙasa, jimillarsu 6. A cire 6 daga 16, saura 10. Ga molekul guda, 10 adadi ne babba. Sai a 1993 Roberta Sessoli da Dante Gatteschi da abokan aikinsu a Fulorans ta Italiya suka nuna cewa idan aka sanyaya shi sosai, yana riƙe alƙiblarsa har tsawon watanni. Shekara 13 abin yana kwance a takarda kafin a san me aka riƙe. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a sana'ar nan: wataƙila akwai irinsa a firjin ɗakin bincikenmu, da sunana a jikin kwalbar.

Amma fa sanyin ba na wasa ba ne. Muna auna shi da Kelbin, inda sifiri yake daidai da digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. Manganis ɗin nan, da ya wuce wajen Kelbin 4, ya manta alƙibla. Kafin ka kai can sai da ruwan hiliyam, wanda ke da tsada kuma yana tsere wa mutum ta kowace 'yar kafa. Na'urar da muke awo da ita, SQUID, layi ake bi a kanta kamar layin shiga Rauda, kuma idan lokacinka ya faɗo ƙarfe uku na dare, da ƙarfe ukun za ka zo.

Daga nan aka shiga tseren ɗaga zafin. A 2003 Naoto Ishikawa a Jafan ya nuna ba sai an tara ƙarfe 12 ba, ƙwaya ɗaya ta ƙarfen tabiyam tsakanin faifai biyu na ligan ta isa. A 2017 masana a Mancesta suka sa ƙwayar ƙarfen disfurosiyam tsakanin zobba biyu na kabon, ɗaya sama ɗaya ƙasa, gefe kuma babu kowa, suka kai Kelbin 60. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Richard Layfield ta kai 80. Me ya sa aka yi murna da 80? Don ruwan naitirojin yana tafasa ne a 77, shi kuwa daga iskar da muke shaƙa ake tatso shi, ya fi hiliyam araha ƙwarai. Ku lura, duk wannan ci gaban ba wani sabon ƙarfe aka tono ba. Wurin zaman fadawa aka gyara, aka kore na gefe, aka bar na sama da na ƙasa.

Kada ku ɗauka kullum haka ake cin nasara. Na taɓa shafe wata uku ina jiran kiristal ya fito a wata 'yar kwalba, don sai da shi ake ganin siffar molekul da hasken eksire. Kullum da safe in leƙa da tocila, ba na ko numfashi kusa da ita. Ranar da na ga ƙananan allurai kore-kore sun fara tsirowa, har sadaka na yi. Da aka auna, ashe gishirin da na fara da shi ne ya sake daskarewa. Malamin da ke duba aikina ya kalli sakamakon, ya ce to aƙalla yanzu na iya wanke kwalba.

Hajiya na ga hannunki. Na'am, Hajiya?

Hajiya tana tambaya ko wannan ilimi na da wata alaƙa da ƙasar nan. Ƙwarai kuwa. Omar Yaghi, wanda aka haifa a Amman kuma aka ba shi shaidar zama ɗan Saudiyya a 2021, yana cikin mutum uku da suka karɓi Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025. Aikinsa jikan na Werner ne: fadawa masu hannu biyu, kowane ya riƙe sarki nan ya riƙe sarki can, har a sami gini mai ramuka kamar saƙar zuma. Wasu irinsa na iya tsotso ruwa daga busasshiyar iskar hamada. Kuma nan arewa da mu, a Thuwal, jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009 tana da masu irin wannan bincike. Ƙannena masu karatun kimiyya, ku nemi hanya ku je ku gani da idonku.

Wani kuma ya turo takarda: yaushe za a sayi waya mai wannan molekul a kasuwar Balad? Ɗan'uwa, Kelbin 80 digiri 193 ne ƙasa da sifiri, aljihunka kuwa a watan Agusta ya haura 35. Bayan zafin ma akwai matsalar iska, don yawancin na disfurosiyam ɗin nan da sun shaƙi oksijin ko laima sun lalace, a akwatin gilashi mai safar hannu muke taɓa su. Sannan sai an koyi jera su a kan faranti ɗaya bayan ɗaya, a kuma iya karanta kowane ba tare da an birkita na kusa da shi ba.

Na ji an fara kiran salla. Wanda ke son ganin kwalbar ya zo bayan Isha'i, zan ƙara mata ruwa ta koma hoda a gabansa. Yara dai kada su taɓa.