Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli a Ziyararsa Garin Bagega

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Muhalli da 'yan tawagarsa, wakilin Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka, malamanmu, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, a madadin mutanen Bagega ina yi maka barka da zuwa. Kun sha hanya, kun kuma ga hanyar da idonku, don haka ba sai na ce komai a kanta ba.

Kowa a nan ya san abin da ya same mu a 2010. Dutsen zinare ake kawowa gida a daka a turmi, ko a zuba a injin niƙa, ashe cike yake da gubar dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi hannun yara mai zuwa baki. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, Allah ya jiƙansu. An share gubar daga ƙauyukan Dareta da 'Yargalma tun a shekarar, mu kuwa sai 2013 aka zo kanmu. Aka kankare ƙasar saman gidaje aka binne a rami, aka zubo sabuwa, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara ba yaranmu magani. Ba mu manta wannan alheri ba.

Amma Yallaɓai, dalma ba ta ruɓewa. Tulin ƙasar da aka tace zinare yana nan a bayan gari da bakin ramuka, fari fat, ko ƙaya ba ta tsira a kai. Hunturu ya zo iska ta kwaso, damina ta zo ruwa ya wanko zuwa tafki. Ba a iya kwashe daji da shebur.

Shi ya sa muke son a ɗaure gubar inda take. A fara gyara ƙasar da takin dabbobi da garin gawayi, a haɗa da takin fosfet, wanda ke kama dalma ya hana ta narkewa cikin ruwa. Sai a dasa jema, ciyawar nan ta fadama da ake zana da ita. Saiwarta na nutsewa ƙasa sosai ta riƙe tulin, ganyenta ya tare iska. Kada a ce mana ciyawa za ta shanye gubar, ba ta shanyewa. Rufe ta kawai take yi, kuma rufewar muke nema, don yaro ba ya lasar abin da bai kai hannunsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne shinge. Fili ya yi kore a nan, kafin la'asar awaki sun sauka, baɗi kuma wani ya zuba gero ko yakuwa. Abin da ya tsiro a wurin nan ba na ci ba ne, ga mutum ko dabba. Don haka roƙonmu waya ce ta kewaye, da mai gadi ɗan gari da za a riƙa biya, da ma'aikatan da za su dawo da na'urar auna ƙasa duk ƙarshen damina su faɗa mana sakamako da Hausa. Masu haƙa kuma a ware musu wurin niƙa nesa da gidaje, a riƙa jiƙa dutse da ruwa, tunda ba su da wata sana'ar.

Bayan an sha ruwa, Yallaɓai, muna roƙon ka taka da ƙafa zuwa tulin. Ba nisa. Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum.