Mai Zagi da Mai Gajiyarwa: Hira kan Rigima a Ayyukan Buɗaɗɗiyar Manhaja

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Sakkwato. Yau zancenmu kan buɗaɗɗiyar manhaja ne, wato wadda kod ɗinta yake a fili, kowa na iya karantawa ya turo gyara, irin su Linux da Python da Firefox. Malam, idan mutum ɗaya ya hana jama'ar aiki sakat, daga ina ake farawa?

Malam: Daga sanin wane iri ne, Hajiya, don ba maganinsu ɗaya ba. Akwai mai zagi, wanda da an ce gyaransa da kuskure sai ya hau mutum da baƙar magana. Wannan shi ne mafi sauƙi, laifinsa a rubuce yake kowa ya gani. Mai wahalar shi ne mai ladabi. Ba ya zagin kowa, amma maganar da aka rufe watan jiya sai ya sake tono ta, ya rubuta shafi guda, a ba shi amsa, ya dawo da shafi biyu. Ba ka da layin da za ka nuna ka ce ga laifinsa. Alhali mai kula da aikin awa biyu kawai yake da su bayan isha'i, in ma akwai wuta, kuma a kan mutumin nan suke ƙarewa.

Injiniya: Lokacin masu kula shi ne jarin aikin gaba ɗaya. Kod ana samu. Wanda zai zauna ya duba gyaran wani kyauta, shi ne ake nema ruwa a jallo.

Hajiya: To mu fara gamawa da mai zagin, tunda kun ce shi ne mai sauƙi.

Injiniya: Sauƙin nasa sai in an rubuta doka tun kafin ya zo. Ayyuka da yawa suna ɗaukar Contributor Covenant, takardar ƙa'idar zaman tare da Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014. A bugunta na biyu akwai matakai huɗu. Na farko gyara: a tura masa saƙo a keɓe, a nuna masa ainihin abin da ya rubuta da dalilin da ya sa bai dace ba. Na biyu gargaɗi, tare da sharaɗin ya nisanci wanda ya taɓa na wani lokaci. Sai dakatarwa ta wucin gadi, sannan kora ta dindindin. Abin da takardar ba za ta yi maka ba shi ne cike gurbin adireshin kai ƙara. Da yawa suna kwafe ta su manna, su bar gurbin nan yadda yake, ko su sa imel ɗin mutum ɗaya. To in shi ne ake ƙara fa? Aƙalla mutum biyu, uku ya fi, kuma wanda rigimar ta shafa ya janye daga yanke hukunci.

Malam: A kuma ajiye shaida tun ranar farko. A ɗauki hoton maganar da kwanan wata, domin mutum na iya gyara abin da ya rubuta ko ya goge. Bayan wata shida babu mai tuna wa ya fara.

Hajiya: Shi kuwa zaren tattaunawar da ya riga ya kama wuta, mutum talatin na ta jifan juna?

Injiniya: A GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin ayyuka ana tattaunawa a kansa, kayan kashe gobarar suna nan, ba a dai amfani da su a kan kari. Kana iya ɓoye magana ɗaya ka zaɓi dalili, ko cin zarafi ko kauce wa batu, ba sai ka goge ba. Gogewa tana jawo a ce ana rufa-rufa. Kana iya kulle zaren ya zama masu kula kawai ke iya rubutu. In kuwa baƙi ne suka yi dafifi saboda wani ya watsa abin a X ko WhatsApp, akwai taƙaita mu'amala da ma'ajiyar kod ɗin aikin duka: awa 24, kwana 3, mako 1, wata 1 ko wata 6. Kai za ka zaɓa, ko a hana asusun da bai kai awa 24 da buɗewa ba, ko a bar waɗanda suka taɓa ba da gudummawa kawai. Kafin ka kulle, rubuta layi uku: ga abin da aka yanke, ga dalili, ga ranar da za a buɗe. Kullewa babu bayani sabon zare take haifarwa.

Hajiya: Akwai waɗanda nake tausaya wa, ɗalibanmu. Yaro a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo an ce masa ya cika GitHub ɗinsa don neman aiki, sai ya bi ayyuka yana ƙara waƙafi ko aya yana turawa. Shi ma mai fitina ne?

Malam: Ba da niyya ba, amma nauyin da yake ɗorawa na gaske ne. An ga haka a Hacktoberfest, gangamin turo gyare-gyare, na Oktoban 2020, lokacin da ake ba da riga ga wanda ya tura gyara huɗu. Gyare-gyaren banza suka yi wa masu kula ambaliya, har DigitalOcean da ke shirya abin ta canja doka, sai aikin da ya ce yana so ake ƙirga nasa. Irin wannan yaro ba ya bukatar tsawa. A rufe gyaran da amsar da aka tanada, a nuna masa takardar yadda ake ba da gudummawa da jerin ƙananan matsalolin da aka ware wa sababbi. In ya maimaita bayan haka, to ya ji ya ƙi.

Hajiya: Mu koma ga mai ladabin nan, don shi ya tsaya mini a rai.

Malam: Shi dokar ladabi ba ta kama shi. Abin da ke kama shi tsarin yanke shawara ne mai ƙarshe. A gidauniyar manhaja ta Apache ana jefa ƙuri'a da +1 ko 0 ko -1, kuma wanda ya hana gyaran kod da -1 dole ya kawo hujjar fasaha, in babu ita hanin nasa bai zauna ba. Suna kuma da al'adar jiran awa 72: ka faɗi abin da za ka yi, in babu wanda ya ja, ka yi. Awa 72 ɗin don mutane suna sassan duniya daban-daban ne, kada a yanke wani yana barci. Da an yanke, a rubuta shawarar da dalilanta a fayil cikin ma'ajiyar. In ya sake tayarwa, amsarsa layi ɗaya ce: ga inda aka yanke, akwai sabuwar hujja? In babu, a rufe.

Injiniya: Ga misali a ƙofar gidanmu. A ce ana fassara manhaja zuwa Hausa, masu fassara wasu daga nan, wasu daga Birnin Ƙonni, tsallaken Illela. Mu muna rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, a Nijar da harafin ƴ suke rubutawa. Wannan ya gyara, wancan ya mayar, kowa kuma da gaskiyarsa. Ga kuma mai cewa a sa "sunka" maimakon "suka". Muhawara ba za ta raba wannan ba ko shekara za a yi. Ko a rubuta a jagorar fassara cewa ga ƙa'idar da za a bi, ko a raba fayil biyu, ha-NG da ha-NE. Wikipedia ta Ingilishi ma doka ta sa, kada ka mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24.

Hajiya: Amma Malam, ba a taka gaskiya da wannan? Wani lokacin mai nacin shi ne mai gaskiya.

Malam: Yakan faru, shi ya sa ƙofar sabuwar hujja take buɗe. Amma ki dubi abin da rashin ƙarshe ke ci. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya ajiye jagoranci a Yulin 2018 bayan doguwar rigima a kan PEP 572, shawarar ƙara wa Python ƙaramar alama guda ta ba da ƙima a tsakiyar jimla. An amince da ita, amma shi ya gaji. Daga baya aka kafa majalisar mutum biyar da ake zaɓa.

Injiniya: Ni wanda nake so kowane mai kula ya haddace shi ne na xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Lasse Collin ke riƙe da ita shi kaɗai, kyauta. Daga 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau, cikin ladabi. A 2022 wasu asusun da ba a san su ba suka taso wa Collin, aiki ya tsaya, ba ka kulawa, ka miƙa wa wani. Ya yi bayanin cewa aikin sa-kai ne, ba su sassauta ba. A hankali Jia Tan ya samu ikon fitar da sabon bugu, kuma a 5.6.0 da 5.6.1 aka dasa ɓoyayyiyar ƙofa mai taɓa SSH, hanyar da ake shiga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, daga nesa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya lura shigar tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya fallasa ranar 29 ga Maris 2024, kafin abin ya kai ga manyan bugu da jama'a ke amfani da su.

Hajiya: Ikon Allah. Wato masu hayaniyar share fage suka yi.

Injiniya: Haka masu bincike da yawa suka karanta shi. Kura ce da fatar akuya. Don haka matsin lamba kada ya taɓa zama dalilin ba da iko. GitHub na da matsayi biyar a ma'ajiyar ƙungiya, daga mai karatu kawai har mai cikakken iko. Mai son taimako a fara ba shi na biyu, na tantance rahotanni, wanda ba ya iya shigar da gyara cikin kod. A kare babban reshe, wato ainihin kod ɗin aikin, ya zama babu gyaran da zai shiga sai wani daban ya duba ya amince. Kuma a kwatanta kunshin da aka fitar da abin da ke cikin ma'ajiya, domin a xz wani ɓangaren dabarar yana cikin kunshin ne kawai. Asusun da bai taɓa turo komai ba sai "yaushe za a gama", ba a bin ka bashin amsa masa sau biyu.

Hajiya: Saura mai wuyar faɗa. In mai fitinar shi ne babba, wanda rabin kod ɗin nasa ne?

Malam: A nan ake gane ko dokar ta gaske ce. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya shekara da shekaru yana wanke masu turo gyara da kalamai masu zafi. A Satumbar 2018 ya ba da haƙuri, ya ɗan janye na kusan wata guda, Linux ta ɗauki ƙa'idar zaman tare. A Rust kuma, wani yaren rubuta manhaja, Nuwambar 2021, tawagar sa ido kan zaman tare gaba ɗaya ta yi murabus, ta ce babbar tawagar ba ta amsa wa kowa. Sai da aka sake tsarin shugabancin. Ƙwararren da ke korar sababbi, ana ganin gyaran da yake kawowa, ba a ganin mutum goma da suka karanta zaginsa suka juya.

Injiniya: In kuma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, lasisi ya ba da damar raba gari. A kwafe aikin a ci gaba da wani suna. LibreOffice haka ta fita daga OpenOffice a 2010. io.js ta ɓalle daga Node.js a ƙarshen 2014, suka sake haɗewa a 2015 bayan an sauya yadda ake shugabanci. Sai dai a sani kod kawai lasisi ya ba ka, sunan ba naka ba ne. Kuma kafin a sanar a ƙirga mutum nawa ne za su riƙa duba gyara, ba masu tafi ba.

Hajiya: Wanda aka dakatar fa, yana dawowa?

Malam: In ta wucin gadi ce, a rubuta masa ranar ƙarewa da sharaɗin dawowa a cikin saƙon dakatarwar, da kuma wanda zai kai wa kuka in yana ganin an zalunce shi, kada ya zama wanda ya yanke. A fili kuwa kada a zuba bayanin wanda ya kai ƙara. A ce an ɗauki mataki bisa sashe kaza, shi ke nan. In ya buɗe sabon asusu don ya zagaye dakatarwar, wannan kaɗai ya isa a haura da shi mataki na huɗu.

Hajiya: Lokaci ya ci mu. Malam, Injiniya, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, a huta lafiya.