Katangar modul a Java: abin da take tare wa fulogin da abin da ba ta tarewa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Batunmu yau fulogin ne, wato ƙaramar manhajar da uwar manhaja ke lodawa tana tsakiyar aiki. Za mu tsaya kan Java.

Kafin Java 9, wadda ta fito a 2017, duk aji (class) da aka sa wa public a buɗe yake ga kowa, har private ma ana ɓalle shi da setAccessible. Tsarin modul ne ya kawo fayil ɗin module-info.java, inda kowane modul, wato rukunin ajujuwa mai suna, ke faɗin abin da ya fitar da abin da yake buƙata; abin da bai fitar ba yana bayan katanga.

Ku raba uwar manhajarku gida biyu. Modul na farko ya ɗauki yarjejeniya kawai, wato jerin ayyukan da fulogin zai cika, a fitar da shi da exports. Na biyu ya riƙe kayan ciki, kada ya fitar da komai. Fulogin ya rubuta requires a kan yarjejeniyar, ya bayyana kansa da provides da with, uwa kuma ta rubuta uses. Lokacin lodawa, ModuleFinder zai duba foldar fulogin, a warware buƙatunsa da resolve, a gina masa ModuleLayer da defineModulesWithOneLoader, sannan ServiceLoader ya zaƙulo shi. Kowane fulogin da nasa layin, wato ModuleLayer ɗinsa, ta haka biyu za su iya ɗaukar sigogi daban na laburare ɗaya ba tare da karo ba.

A nan ne mutane suka fi tuntuɓe, don haka ku saurara da kyau. A wurin Java, sunan aji kaɗai bai isa ya bambance shi ba, sai an haɗa da wanda ya loda shi. Idan fulogin ya zo da kwafin yarjejeniyar a foldarsa, an samu aji biyu masu suna ɗaya. Sai ServiceLoader ya dawo hannu wofi, ko a ci karo da ClassCastException mai cewa ba za a iya mayar da aji zuwa kansa ba. Maganin yana cikin resolve: tana karɓar masu bincike (ModuleFinder) biyu, wanda ake tambaya kafin a duba modul ɗin uwa da wanda ake tambaya bayan an duba su. Ku bar na farko fanko, ku sa foldar fulogin a na biyu, kwafin uwa zai rinjaya.

Kada ku haɗa exports da opens. Na biyun yana ba da damar leƙa har cikin private. Java 16 ta rufe kayan cikin JDK, wato laburaren Java kanta, Java 17 kuma ta daina aiki da --illegal-access, zaɓin da ake sake buɗe su da shi, shi ya sa tsofaffin fulogin ke faɗuwa da InaccessibleObjectException. Yayyafa --add-opens ko'ina rushe katangar ne da hannunku. Haka jar, wato fayil ɗin da ake dunƙule ajujuwa a ciki, idan ba shi da module-info: duk ƙunshinsa a buɗe yake.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Wannan katanga ba tsaro ba ce daga mugun fulogin. Kowane modul yana iya amfani da java.base, modul ɗin tushe na Java, a cikinsa kuwa akwai buɗe fayil, akwai fita intanet, akwai System.exit da zai kashe manhajar gaba ɗaya. Security Manager ne ke tare waɗannan a da, amma an yi masa alamar cirewa a Java 17, aka kashe shi ɗungurungum a Java 24. Fulogin ɗin da ba ku amince da mai shi ba, ku fitar da shi daga JVM ɗinku, wato injin da ke gudanar da manhajar. Ya yi aiki daban, ƙarƙashin asusun da ba shi da iko a kan fayilolinku, ko cikin kwantena, ku riƙa magana da shi ta soket.

Sai batun saukewa. Muddin zare (thread) ɗaya na fulogin yana gudana, ko wani ThreadLocal, wato ma'ajin da ke manne da zare, na riƙe da abinsa, ajujuwansa ba za su bar ƙwaƙwalwa ba. Ana ta lodawa da saukewa, Metaspace, wato wurin da ake ajiye bayanan ajujuwa a ƙwaƙwalwa, zai cika. Ku sa aikin tsayawa cikin yarjejeniyar tun farko, uwa ta kira shi, ta tabbatar zarurrukan sun mutu kafin ta saki layin.