Darasi: Wa ya cancanci tallafin korona na masu sana'ar hannu?

(Wannan tattaunawar rediyo ce ta lokacin korona; bayanin tallafin da bashin da ke ciki na wancan lokacin ne, ba na yanzu ba.)

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Tun safe saƙonni ke shigo mana daga teloli, dukawa, masu walda da 'yan kabu-kabu na nan Sakkwato, kowa na tambayar tallafin korona. Malam, wanda ba ya aiki ƙarƙashin kowa, hannunsa ke ci da shi, yana ciki?

Malam: Yana ciki, amma sai ya san ƙofarsa, don ƙofofin da yawa. Shirin da ake kira Survival Fund na gwamnatin tarayya ne, naira biliyan 75 aka ware masa, an buɗe rajista ranar 21 ga Satumba, 2020. Akwai ɓangaren biyan albashi, inda ake ba ma'aikaci naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku. Wannan na makarantu masu zaman kansu ne da otal-otal da kamfanonin da ke da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da ma'aikata masu ɗaukar albashi. Tela mai keke ɗaya da yaro ɗaya mai koyo, ba nan zai nufa ba. Nasa shi ne ɓangaren masu sana'ar hannu da masu sufuri: naira 30,000, sau ɗaya tak, kyauta. Mutum 333,000 aka tsara a faɗin ƙasa, in ka raba wa jihohi 36 da Abuja, kusan 9,000 ke nan kowace jiha. Ka ga ba kowa zai samu ba.

Mai gabatarwa: To me ake buƙata?

Malam: Ka zama ɗan Najeriya, kana da sana'ar da ake iya gani da ido, kana da lambar BVN, wato lambar tantancewa ta banki, da asusun banki mai sunanka. A wannan ɓangaren ba a neman takardar CAC. Ta hannun ƙungiyoyin sana'a ake tattara sunaye, saboda haka ka je wurin shugaban ƙungiyarku ko sakatare, ka tabbatar sunanka na cikin littafi. Mata kuma kada su noƙe: kashi 45 cikin 100 na gurabe nasu ne, kashi 5 na masu buƙata ta musamman. Mai kitso, mai saƙa, mai ɗinki a cikin gida, duk sana'a ce.

Mai gabatarwa: Wasu sun ce sun ba da suna, shiru kake ji.

Malam: Yawwa, nan nake so a kasa kunne. Galibi matsalar daga BVN take. Kwamfuta ce ke tantancewa, ita kuwa ba ta san Mamman shi ne Muhammadu ba, ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. A banki an rubuta Abubakar Usman, sakatare ya rubuta Garba Shehu don haka ake kiransa a kasuwa. Mu mun san mutum ɗaya ne, na'ura ta ga mutum biyu, sai ta tsallake shi. Ka ɗauko takardar banki, ka kwafi sunan harafi da harafi, har jerin wanda ya zo farko.

Sai layin waya. Ka danna *565*0# a layin da ka yi BVN da shi, lambarka mai alƙaluma 11 za ta fito. In layin ya ɓace, je banki da katin shaida a canja maka, don ta nan saƙo zai zo. Asusun ma a duba shi. Wani tun da ya buɗe bai sake taka bankin ba, asusun ya yi barci, kuɗi in sun zo za a iya samun matsala. Zuba ko ɗari biyar ce ka ga ta shiga. Kada kuma ka ba da lambar asusun ƙanenka ko na maigidanka, ko ka saka suna a ƙungiya biyu. BVN ɗaya ce, za ta nuna.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Wamakko na tambaya ko kuɗin NIRSAL ma kyauta ne.

Malam: A'a, wallahi bashi ne, kuma abin na damuna yadda ake haɗa su. Babban Bankin Najeriya ne ya fitar da naira biliyan 50 a watan Maris na 2020, ana bayarwa ta bankin NIRSAL. Magidanci na iya neman har naira miliyan 3, ƙaramin kamfani har miliyan 25, da ruwa kashi 5 cikin 100 a shekara. Wanda bai biya ba, akwai tsarin da ke ba da damar cire kuɗin daga duk asusun da ke ɗaure da BVN ɗinsa. Mai ƙyamar ruwa ya tambayi malamai kafin ya sa hannu.

Mai gabatarwa: Masu karɓar kuɗin fom fa?

Malam: Ba a sayar da fom, ko sisi. Duk wanda ya ce kawo dubu biyu in saka ka, ko ya kira ka yana neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka yanzu, kashe wayar. Banki ba ya tambayar wannan, gwamnati ma haka.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Bayan talla za mu ɗauki kiran masu Keke Napep.