Ciwon haƙori ya lafa, me ya sa likita ya ce a dawo?

Tambayar da ke ta yawo kwanan nan ita ce: idan likita ya cire jijiyar haƙori, ya sa magani, ciwon kuma ya tafi, mene ne amfanin komawa asibiti?

Ga yadda aikin yake. Likita yana huda haƙorin, ya cire jijiyar da ta ruɓe, ya kankare hanyoyin saiwar da siraran ƙarafa, sannan ya wanke su da ruwan sodiyam haifokuloraid, wanda ke narkar da mataccen nama, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Sinadarin da ke cikin ruwan farar da tufafi ne, amma kada kowa ya gwada shi a bakinsa a gida.

A nan ne ake ruɗewa. Farin ƙullun nan da ake ɗurawa cikin saiwar kafin a rufe da cikon wucin gadi kalsiyam haidiroksaid ne, wanda wani likita Bajamushe mai suna Hermann ya shigo da shi aikin haƙori a 1920. Ƙarfinsa daga kaifin alkali yake, wato kaifi irin na kanwa ko ruwan toka, wajen 12.5 a pH, ma'aunin tsami da kaifin sinadari, kuma yawancin bakteriya ba sa jure hakan. Sai dai kaifin ba ya ɗorewa, domin jikin haƙorin da kansa yana rage masa ƙarfi, shi ya sa galibi ake barinsa mako ɗaya zuwa biyu kawai. Akwai kuma wata ƙwaya, Enterococcus faecalis, wadda ke ɓuya cikin ƙananan ramukan bangon saiwar, tana jure alkali, kuma ana yawan samunta a haƙoran da aikinsu ya lalace. Idan aka daɗe, cikon wucin gadin ya fara yoyo, yawu zai shigo da sababbin ƙwayoyi. Abin da ya fi damuna shi ne, mutum ba zai ji komai ba, tunda jijiyar da za ta sanar da shi ba ta nan, har sai ciwon ya kai ga ƙashin muƙamuƙi.

A zama na ƙarshe ake cika saiwar da gata-faca, wani ƙaron itace daga yankin Malesiya, tare da abin liƙi. Wasu abubuwan liƙin suna ɗauke da sinadarin man kanumfari, amma ƙarfinsu na kashe ƙwayoyi yana raguwa da zarar sun bushe. Babban aikinsu shi ne toshe hanya, daga nan a ɗora ciko na dindindin ko hular haƙori.