Fuloti ɗaya, gida uku: rigimar layinmu a Hustan

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin titi nake tsaye. Bari in juyo muku da kyamara. Kun hangi allon can da aka kafa cikin ciyawa? Sati uku ke nan ya hana maƙwabtana barci. Wanda ya sayi tsohon gidan katakon nan ne yake neman izinin yanka filin kashi uku, ya rushe, ya tada siraran benayen nan masu hawa uku da ake jerawa kafaɗa da kafaɗa, gareji a ƙasa, falo a sama.

Filin ƙafa hamsin ne a faɗi, ɗari a tsawo, wato murabba'in ƙafa 5,000, daidai fulotin da muka sani a gida. A da dokar Hustan ba ta yarda filin gida ya gaza murabba'in ƙafa 5,000 ba. A 1998 aka sauko da shi zuwa 1,400 a unguwannin da ke cikin titin zobe mai lamba 610, a 2013 aka faɗaɗa zuwa sauran gari. To ku buga lissafi da kanku. Kuma garin nan, duk girmansa, ba shi da dokar da ke cewa nan wurin zama ne, can wurin kasuwa, irin ta sauran manyan biranen Amurka. Sau uku ana kai maganar akwatin zaɓe, 1948 da 1962 da 1993, sau uku mutane suna cewa ba sa so.

Ranar Alhamis na bi su zaman kwamitin tsara gari. Kowa aka ba shi 'yan mintoci ya amayar da abin da ke cikinsa. Wani ya ce bakin gareji uku za su cinye inda baƙi ke ajiye mota. Wani ya yi kukan haraji: jiharmu ta Teksas ba ta karɓar harajin albashi, a kan gida take hucewa, kuma da zarar sabon bene ya tashi a layi, sai a ɗaga kimar filin kowa.

Amma dattijuwar da ke kallon ƙofata, wadda nake kira Mama, ita ta sa zauren ya yi tsit. Ba ta ɗaga murya ba. Wayarta ta ɗaga, gilashin duk ya tsage, ta nuna hoton falonta lokacin guguwar Harvey a watan Agustan 2017, ruwa ya kai hannun kujera. Ta ce ciyawar filin nan tana shan ruwan sama, siminti kuwa ba ya sha, to ruwan gidan wa zai nufa? Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Duk wanda ya ga yadda aka cike kududdufan Kano aka yi gini a kai, ya san amsar tambayar nan tun kafin damina ta faɗi.

'Yan kwamitin sun saurara, sun yi godiya, suka amince da tsarin. A dokar Teksas, in zanen raba fili ya cika ƙa'ida, dole su sa hannu, ko sun so ko sun ƙi. Abin da ya rage wa mutanen layi shi ne su tara sa hannun masu gidaje, su nemi a ƙayyade girman fili a layin, kada a sake yanka wani.

Ni fa ɗan haya ne. Na waiga cikin zauren, ban ga ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda za su zauna a gidajen nan ba. Irina ne: direbobi, ma'aikatan asibiti, masu sabon aure. Gidan da ke zaune shi kaɗai a fuloti cikakke ya fi ƙarfin aljihunmu, siririn benen ne kawai muke iya yi wa kallon wata rana.

Jiya da magariba Mama ta ƙwanƙwasa min ƙofa da takardar sa hannun. Nawa ba ya cikin lissafi, sai na mai gida. Ta ce, ɗana, in ya zo karɓar kuɗin haya ka miƙa masa. Na ce to, Mama. Ga ta can a gaban mota, ƙarƙashin gilashi. Jibi zai zo.